HARAJIN MOTA: GIRMAN INJI KO YAWAN HAYAƘI? A TAMBAYI MAI BUHU

Ya ku jama'ar Mahuta da kewaye, manoma da fatake, direbobi da 'yan kamasho, maza da mata.

Lokacin zaɓe ya sake zagayowa. Za ku ji alkawarin taki, za ku ji na rijiya da asibiti, za ku ji na tsaro, kuma duk abubuwa ne da muke bukata ƙwarai. Amma akwai wata magana da ba a cika hawa da ita kan dandali ba, alhali kuwa tana taɓa aljihun kowa, watau maganar harajin mota: da wane ma'auni za a yanka shi, kuma wuyan wa zai hau.

Na san wani zai ce, "Haba malam, ni da ko keke ba ni da shi, ina ruwana da harajin mota?" To ɗan'uwa, ruwanka ne har wuya. Buhun masararka ba ya tafiya Funtuwa da ƙafarsa. Audugarka ba ta tashi sama ta sauka a Malumfashi. Takin da ka zuba a mota ya zo, matarka idan naƙuda ta yi gardama a mota za a kai ta asibiti. Duk kwabon da aka ɗora wa mai mota, kafin rana ta faɗi ya sauke shi a kan kuɗin dakon buhu da kuɗin kujera. Shi direba miƙawa kawai yake yi, kai ne mai biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Kada kuma wani ya ce maka haraji hukuncin Allah ne da ba ya sakewa. Dattawanmu suna nan da rai, a tambaye su. Cikin 1979, lokacin muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kaduna, gwamnatin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ta soke haraji da jangali, haka ma ta Alhaji Abubakar Rimi a Kano. Abin da talaka ya shekara da shekaru yana gudu daji saboda shi, ƙuri'a ce ta kawar da shi. Saboda haka maganar haraji maganar zaɓe ce.

MA'AUNI BIYU

Ma'auni na farko shi ne girman inji. Kowane inji yana da faɗin cikinsa, inda mai da iska ke haɗuwa su kama wuta. Wannan faɗi shi ake aunawa da abin da bakanikai ke kira si-si. Ba sisin kwabo ba fa! Si-si 1,000 shi ne lita ɗaya. Ƙananan motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Funtuwa, Bakori da Malumfashi yawancinsu ba su kai si-si 2,000 ba. Manyan jif-jif na masu hali kuwa akwai masu si-si 4,000 har da ɗoriya. Wannan ma'auni shi muka saba da shi, domin a jihohi da yawa na ƙasar nan kuɗin lasin na motocin gida aji-aji ne bisa girman injin.

Ma'auni na biyu shi ne hayaƙi. A nan sai a kula, domin hayaƙin mota iri biyu ne. Akwai baƙin da ido ke gani, mai sa tari da yaji a ido. Akwai kuma wanda ba a gani, ba a jin warinsa, wanda masana ke kira iskar kabon. Ita ce ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana kamar bargo, har yanayin duniya ya rikice. Idan Turawa suka ce harajin hayaƙi, wannan ta biyu suke nufi. Sukan auna giram nawa mota ke fitarwa a tafiyar kilomita ɗaya, su rubuta a takardarta, sa'an nan su yanka haraji a kai.

ABIN DA YA FARU CIKIN 2023

Wannan muhawara ta riga ta iso gida. A ƙarshen mulkin Shugaba Muhammadu Buhari, cikin 2023, Gwamnatin Tarayya ta fito da wani ƙarin haraji da sunan kare muhalli a kan motocin da ake shigowa da su. Mota mai si-si 2,000 zuwa 3,999 za ta biya ƙarin kashi 2 cikin 100, mai si-si 4,000 zuwa sama kashi 4. Aka yafe wa motocin da ba su kai si-si 2,000 ba, da manyan bas-bas na ɗaukar jama'a, da motoci masu aiki da lantarki, da waɗanda aka harhaɗa a cikin ƙasa. Cikin watan Yuli na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shi.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, sunan harajin na hayaƙi ne, amma ma'aunin da aka ɗauko na girman inji ne, domin shi ne abin da jami'in kwastan zai iya karantawa a takarda. Na biyu, an yafe wa bas duk da girman injinsa. Don me? Don an san aikin da yake yi wa jama'a. To madalla. Hujjar da ta fid da bas ita ce hujjarmu: a dubi aikin da mota ke yi kafin a dubi girman cikinta ko hayaƙinta.

AIBIN AUNA INJI KAƊAI

Gaskiya ɗaya ce, ma'aunin inji yana da kyaunsa. Yana da sauƙi, ba ya bukatar na'ura, kuma sau da yawa mai babban inji shi ne mai babban aljihu. Amma yana da makanta iri biyu.

Makanta ta farko, bai san tafiya ba. Ga misali. Wani attajiri yana da mota mai si-si 3,000 a rumfa, ba ya fito da ita sai ranar Juma'a. Ga kuma ƙaramar motar haya mai si-si 1,600 da ke shan lita 30 kullum. Wace ce ta fi hayaƙi a shekara? Ƙaramar mana. Ashe ke nan wanda ya ce yana auna inji don ya kare muhalli bai auna abin da ya ce ba.

Makanta ta biyu ta fi muni, bai san kaya ba. Ga a-kori-kura ta sha lita 10 ta fito da buhu 20 daga ƙauye zuwa bakin kwalta. Ga jif ta sha lita 10 ta kai mutum ɗaya ɗaurin aure. Injinsu yana iya zama kusan ɗaya, amma wannan abinci ta ɗauko, waccan kuwa babbar riga ta ɗauko. Mota mai jan kaya a cikin taɓo da yashi dole ta yi babban inji, kamar yadda ba a huɗa da ɗan maraƙi. Tun zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, a-kori-kura ce jakin wannan yanki. Wanda ya yanka mata haraji daidai da motar ƙawa, ya yanka wa tuwo haraji.

AIBIN AUNA HAYAƘIN TAKARDA

To, sai 'yan boko su ce, ai shi ya sa ya kamata mu bi sawun Turai mu koma auna iskar kabon. Bari mu ga yadda ta kaya a can, domin gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

A Ingila, motocin da aka yi wa rajista kafin 1 ga watan Maris 2001 girman inji ake dubawa, an ja layi a kan si-si 1,549. Waɗanda aka yi wa rajista daga wannan rana su ne aka koma auna musu iskar kabon. Ku ji fa, su da suka ƙirƙiro abin ba su ɗora shi a kan tsofaffin motoci ba, sun bar su a kan tsohon ma'auni. Da tafiya ta yi tafiya, sababbin motoci da yawa suka faɗa ajin da ba a biyan komai ko ake biyan ɗan kaɗan, kuɗin shiga ya ja baya, sai cikin 2017 aka sake fasalin harajin. Cikin watan Afrilu 2025 har motocin lantarki aka sa su fara biya.

Maƙwabciyarsu Ayalan ta koma ma'aunin kabon cikin watan Yuli 2008. Nan da nan masu sayen sababbin motoci suka karkata ga masu shan man gas, domin a takarda kabon ɗinsu ya fi kaɗan. Amma hayaƙin gas ya fi cutar da huhu, har cikin 2012 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon. An gudu daga ruwa an faɗa rijiya.

Sa'an nan ga maganar amana. Cikin watan Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu shan gas wata dabara, idan ana gwaji su rage hayaƙi mai guba, idan sun hau titi su sake shi. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci wajen miliyan 11 a duniya. Idan an yi wa masu na'urori da ɗakunan gwaji irin wannan rufa-ido, mu da me za mu kama ƙaryar takarda?

Yanzu mu dawo tashar Funtuwa. Motocinmu nawa ne aka sayo sababbi? Kusan duk na hannu ne, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. Lambar hayaƙin da ke takardar irin wannan mota an rubuta ta ne ranar da ta fito daga masana'anta. Bayan nan ta yi shekaru a can, ta zo ta yi shekaru a nan, an sauke inji an ɗora wani, an sake ringi, an sake kafireta. Wace lamba za a bi? Idan takarda za a bi, ƙarya za a bi. Idan kuwa aka bar wa jami'in bakin hanya ya kimanta da ido, an buɗe sabuwar ƙofar "a ba mu na goro".

Kuma wa abin zai fi dannewa? Mai kuɗi zai sayi sabuwa mai ƙaramar lamba, ko ma ta lantarki, ya biya kaɗan. Talakan da ya sayar da shanun huɗa ya haɗa da bashi ya sayi tsohuwa don ya ci abinci, shi zai biya mai yawa. Wanda aka jibge wa tsohuwar mota shi kuma za a ci tara don ta tsufa. Wannan ba adalci ba ne.

BA MU CE HAYAƘI ƘARYA NE BA

Kada a juya mana magana. Manomi ba ya bukatar a karanta masa littafi kafin ya san yanayi ya sake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dattawa ba su manta farin 1973 ba. Mu kuma muna ganin yadda damina ke yi mana, wata shekara ta makara, wata shekara ta ɗauke masara na fid da goyo, wata shekara ta zo da ambaliya. Ƙasar nan ta yi dokar sauyin yanayi cikin 2021, kuma a taron Gilasgo na shekarar Shugaba Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 Nijeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take kawarwa. Ba mu ƙi ba.

Amma a fara daga inda hayaƙin yake. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga ƙona mai da gawayin ƙasa. A cikin gida kuma, dokar 1979 ta sa 1 ga watan Janairu 1984 a matsayin ranar da kamfanonin mai za su daina ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Dalta. Shekara arba'in ta wuce, wutar ba ta mutu ba. Gwamnatin da ta kasa kashe wannan wuta, da wane ido za ta dubi salansar a-kori-kura a hanyar Mahuta?

MUN RIGA MUN FARA BIYA

Ga wani abu da masu son sabon haraji ba su cika faɗa ba. Ma'aunin hayaƙi na gaskiya yana nan a gidan mai. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da iskar kabon wajen kilo 2.3, litar gas kuwa wajen kilo 2.7, ko a sabuwar mota ko a tsohuwa, ko a injin ban-ruwa. Wanda ya sha mai da yawa ya yi hayaƙi da yawa, shi ke nan. Ba a bukatar takarda daga Jamus.

To me ya sami kuɗin mai? Ran 29 ga watan Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi. Litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da Naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Idan manufar harajin hayaƙi ita ce a sa mutane su rage ƙona mai, ai mun rage har mun gaji. Direba yana kashe mota a gangare, mai babur yana auna mai da kwalba, mai lambu a fadama yana lissafin kowane galan. Bugu da ƙari, kuɗin inshorar dole na ƙaramar motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 cikin watan Janairu 2023.

Ba a nan ta tsaya ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ran 26 ga watan Yuni 2025 tana ɗauke da ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan fetur da gas, ban da kananzir da iskar girki da iskar gas ta mota. Dokar ta ce ba za a fara karɓa ba sai ranar da Ministan Kuɗi ya sa. Asalin wannan kashi 5 yana cikin dokar hukumar gyaran hanyoyi ta tarayya tun 2007, kuma don gyaran hanya aka yi shi. Ku yi lissafi da kanku: idan lita tana Naira 1,000, ƙarin Naira 50 ke nan, mai shan lita 30 zai ƙara Naira 1,500 kowace rana. A kan wa zai fanshe? Wannan shi ne harajin hayaƙi ko an kira shi da sunan ko ba a kira ba. Ɗora wani a kan takardar mota bayan wannan, yanka biyu ne a wuya ɗaya.

ABIN DA MUKE NEMA

Mu ba masu cewa kada a biya haraji ba ne. Hanya ba ta gina kanta. Abin da muke so wakilanmu su riƙe a Majalisar Jiha a Katsina da Majalisar Tarayya a Abuja shi ne:

1. A raba motoci bisa aikinsu. Motar ɗaukar amfanin gona, da tarakta, da motar haya, da babur, su zauna a aji mai sauƙi, kuɗi ƙayyadadde wanda kowa ya sani, ko injin babba ne ko ƙarami.

2. Ga motocin gida a ci gaba da duba girman inji, tunda shi muke iya tabbatarwa, amma a haɗa da darajar motar. Daga si-si 3,000 zuwa sama a ƙara nauyi sosai. Mai iya sayen jif ta miliyoyi ba lasin ne zai gagare shi ba.

3. Kada a ɗora harajin kabon a kan motocin da suka riga suka shigo ƙasa. In za a gwada shi, a gwada a tashar jiragen ruwa a kan sababbin shigowa, sau ɗaya, yadda mai saye zai san abin da ya saya.

4. Baƙin hayaƙi mai cutar da huhu maganinsa gyara ne. Masu duba lafiyar mota su ba direba takardar gargaɗi da wa'adin zuwa gareji, tara ta zo bayan ya ƙi.

5. Idan an fara karɓar kashi 5 na mai, a kawar da tarkacen rasit-rasit da ake yanka wa motar kaya a hanya. Tun 1998 Doka ta 21 ta hana kafa shinge don karɓar haraji. Duk direban da ya ɗauki hatsi daga nan zuwa Dawanau ko zuwa Kudu ya san yadda aka bi wannan doka.

6. Kason jiha na kuɗin ya tafi hanyoyin karkara, a kuma buga lissafinsa kowace shekara da Hausa, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Mun ga amfanin irin waɗannan hanyoyi lokacin Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da aka fara cikin 1975 da taimakon Bankin Duniya. Hanya mai kyau tana rage shan mai, watau ita kanta maganin hayaƙi ce.

7. Kafin a ce mu bar fetur, a kawo abin da za mu koma. An ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano cikin 2020. Muna so idan iskar ta wadata a Arewa a kafa wurin shan ta da wurin juya inji a Funtuwa, mahaɗar hanyoyin Zariya, Gusau da Katsina. Ba a raba yaro da nono sai an dama masa kunu.

RANAR ƘURI'A

'Yan'uwa, tun ran gini tun ran zane. Wanda kuka tura majalisa shi zai ɗaga hannu ranar da aka kawo wannan doka, kuma a ranar ba za a tambaye ku ba. Yanzu ne lokacinku. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku, namu ko na wasu, bayan an gaisa ku tambaye shi: "Ranka ya daɗe, a-kori-kura da jif, kuɗinsu ɗaya ne a wurinka? Kuɗin da za a karɓa a kan mai, wace hanya za a gyara mana da shi?" Idan ya amsa dalla-dalla, ku riƙe maganarsa ku ajiye. Idan ya hau kame-kame ya miƙo atamfa da sabulu, to kun san nauyinsa. Sabulu wanki uku ne, doka kuwa sai ta shekara ashirin tana cin aljihunku.

Mu 'yan wannan jam'iyya a nan muka tsaya: mai ɗaukar abinci a sassauta masa, mai ɗaukar girman kai ya biya, kuɗin kuma a gan shi a kan hanya. Ku adana katinku, ku fito da sassafe, ku fito da iyalanku, ku tsaya har a ƙirga.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu shugabanni masu jin tausayin talaka. Amin.